Ƙwaron Kumfa da Danginsa

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan wani ɗan ƙwaro ne wanda tsawonsa bai fi na ƙwayar shinkafa ba, amma sai da masana suka shekara ɗari biyu da 'yan kai kafin su daidaita a kan sunansa. Mai sauraro yana iya cewa, ina amfanin wannan wahala duka a kan ƙwaro? To, amsar tana wurin manoman zaitun na kudancin Italiya, waɗanda suka yi hasarar miliyoyin itatuwa tun daga shekarar 2013, za a kuwa zo kan labarinsu in an jima kaɗan.

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar dawa ko ta gero da damina, ko ya bi ta cikin ciyawa da sassafe, ya yiwu ya ga wata farar kumfa manne da kara ko a gindin ganye, kamar wani ya tofa yawu ya wuce. Wanda ke zaune a Ingila kuwa yakan gan ta a lambun bayan gida cikin watan Mayu da Yuni. Mutanen Ingila suna danganta ta da wani tsuntsu mai ƙaura, wanda ke komo musu daga Afirka daidai lokacin da kumfar ke bayyana, sai su ce tofinsa ne. A waɗansu ƙasashe akan ce tofin kwaɗo, a waɗansu kuma tofin maciji. Amma in aka sa tsinke aka buɗe kumfar, sai a tarar da ɗan ƙwaro mai taushin jiki, ba shi da fiffike, ya kafa baki a jikin karan yana tsotso. Shi ne mai kumfar, shi ne kuma za a riƙa kira ƙwaron kumfa cikin wannan jawabi.

Yadda kumfar ke samuwa

A cikin kowane tsiro akwai hanyoyin ruwa iri biyu. Ta ɗaya ita ke ɗauko ruwa daga saiwa zuwa ganye, ruwan nan kuwa tsararo ne, abincin da ke cikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ta biyu ita ke rarraba ruwa mai zaƙi daga ganye zuwa sauran jikin tsiron. Yawancin ƙwari masu tsotso ruwan zaƙin nan suke nema. Ƙwaron kumfa kuwa tsararon yake sha. Wanda abincinsa farau-farau ne tilas ya sha da yawa kafin ya ƙoshi, saboda haka a yini guda ƙwaron yakan zuƙi ruwan da ya ninka nauyin jikinsa fiye da sau ɗari. Rarar ruwan sai ta fita ta bayansa, gauraye da wani abu mai yauƙi da jikinsa ke yi, sa'an nan ya riƙa hura iska a ciki ta wata 'yar hanya da ke ƙarƙashin cikinsa, har kumfa ta lulluɓe shi. Ita ke kare shi daga bushewa, da zafin rana, da idon masu cinsa. In yana son numfashi sai ya turo ƙarshen cikinsa waje.

Yakan yi saɓa sau biyar, irin yadda maciji ke yi. A saɓa ta ƙarshe sai ya fito da fukafukai, ya bar kumfa har abada. Babbansa yana da faffaɗan kai da idanu a gefe kamar kwaɗo, ga shi kuma gwanin tsalle. A shekarar 2003 Malcolm Burrows na Jami'ar Kambirij ya auna tsallen irin da ke Turai, ya tarar ƙwaro mai tsawon kwatan inci, watau milimita 6, yana iya tashi sama har santimita 70, ƙafa biyu da 'yan kai ke nan. Da wannan ya ƙwace wa ƙuma sarautar tsalle.

Adireshin ƙwaro

Wanda ya taɓa aika wasiƙa gida daga wata ƙasa ya san ba a rubuta sunan mutum kaɗai a bayan ambulan. Sai an sa ƙasa, da lardi, da gari, da unguwa, da gida. Haka masana suke yi wa kowace halitta. Wanda ya kafa wannan tsari shi ne Karl Linnaeus, malami a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, wanda aka haifa a 1707, ya rasu a 1778. An yarda cewa daga littafinsa na shekarar 1758 ne ake fara lissafin sunayen dabbobi. Kowane iri ya ba shi suna biyu da harshen Latin, na farko sunan gida, na biyu sunan irin kansa.

Adireshin ƙwaron kumfa ya fara ne daga dabbobi gaba ɗaya. Cikin dabbobi yana tare da masu ɓawo a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa, irin su kunama da gizo-gizo da ƙaguwa. Cikin waɗannan yana tare da ƙwari na ainihi, masu ƙafa shida da jiki kashi uku. Daga nan sai a rarrabe ƙwari ƙabila-ƙabila, babban abin dubawa a nan kuwa shi ne baki. Fara tana da muƙamuƙi, tauna take yi, saboda haka ko da yake ita ma tana tsalle, ba su haɗa ƙabila da ƙwaron kumfa ba. Shi bakinsa kamar allura yake, mai rami a tsakiya, yana huda ya tsotsa. Shi da 'yan'uwansa masu irin wannan baki an tara su cikin ƙabilar Hemiptera, wadda ke da iri fiye da 80,000. Kuɗin cizo yana ciki, da ƙwarin darɓa, da jan ƙwaron nan mai ɓata auduga.

Ƙabilar tana da manyan rassa uku, da wani ƙarami na huɗu, ana kuwa rarrabe manyan da inda allurar ta tsiro. A wurin kuɗin cizo da 'yan'uwansa daga gaban kai ta fito. A wurin ƙwarin darɓa sai a ga kamar daga ƙirji ta fito, tsakanin ƙafafun gaba. A wurin ƙwaron kumfa kuwa daga ƙarƙashin kai ta fito, dab da wuya, shi ya sa aka kira reshensa Auchenorrhyncha, watau masu baki a wuya. Littattafan da aka yi karatu da su a da sun haɗa rassa biyun nan na ƙarshe wuri ɗaya da sunan Homoptera, domin dukkansu suna kifa fukafukai a bayansu kamar jinkar ɗaki. Amma daga wajen 1990, da aka sami hanyar karanta ƙwayoyin gado da ke cikin jikin kowace halitta, sai aka ga ba kaka ɗaya ya haɗa su su kaɗai ba, aka watsar da sunan.

A cikin reshen, ƙwaron kumfa yana da makusanta biyu. Ɗaya shi ne sikada, babban ƙwaron nan mai ƙara a kan itatuwa da tsakar rana lokacin zafi. Ɗaya kuma ƙananan ƙwarin ganye ne masu tsalle, waɗanda wani daga cikinsu, Cicadulina, ke yaɗa cutar nan mai sa ganyen masara zane-zane a Afirka. Waɗannan na ƙarshe sun yi kama da ƙwaron kumfa ƙwarai, sai an duba ƙwaurin ƙafar baya da madubi mai ƙara girma. Ƙwarin ganye suna da ƙananan ƙayoyi a jere kamar haƙoran zarto. Ƙwaron kumfa kuwa ƙaya ɗaya ko biyu gare shi masu kauri, da zoben ƙanana a ƙarshen ƙwaurin. Duk masu irin wannan ƙafa su ne zuriyar Cercopoidea, an kuwa san iri wajen 3,000 a cikinta.

Dangi biyar

Da can zuriyar duka dangi ɗaya aka ɗauke ta, mai suna Cercopidae, sunan da William Leach na Ingila ya kafa a 1815. Da iri suka yi ta ƙaruwa daga ƙasashe masu zafi, sai aka rarraba ta, har yawancin littattafai suka tsaya a kan dangi biyar.

Na farko shi ne wanda ya riƙe tsohon sunan, Cercopidae. Mafi yawansu masu ado ne, ja da baƙi ko rawaya da baƙi, idanunsu a dunƙule, kansu kuwa bai kai faɗin kafaɗarsu ba. 'Ya'yan da dama daga cikinsu a gindin ciyawa ko a saiwa suke yin kumfa. A cikinsu ne ake samun masu ɓarnar rake a tsibirin Tirinidad da ƙasar Birazil.

Na biyu shi ne Aphrophoridae, ma'anar sunan kuwa masu ɗauke da kumfa. Launinsu yawanci ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka, idanunsu sun fi tsawo, kai da kafaɗa kusan faɗi ɗaya. Irin na lambunan Ingila yana cikinsu. Akwai kuma waɗansu manya a Afirka, 'yan gidan Ptyelus, waɗanda ke taruwa a rassan itatuwa suna tsotso har ruwa ya riƙa ɗiga ƙasa kamar yayyafi, alhali ba hadari. David Livingstone ya ga irin wannan a kan itatuwan ɓaure a Angola, ya ba da labarinsu cikin littafin tafiyarsa na 1857. Ya ce in aka ajiye mazubi a ƙarƙashinsu da maraice, kafin safiya ya tara kusan rabin galan. Mutanen ƙasar sun gaya masa daga itacen ƙwarin ke zuƙo ruwan, shi kuwa bai yarda ba, ya fi zaton daga iska suke samo shi. Gaskiya tana wajen mutanen Angola, bakin ƙwaron da ƙabilar da ya fito sun isa shaida.

Na uku shi ne Clastopteridae, ƙanana ne masu dunƙulallen jiki, mafi yawansu a nahiyar Amurka suke. Na huɗu shi ne Machaerotidae, waɗanda ake samu a Afirka da Asiya da Ostareliya. 'Ya'yansu ba su zama cikin kumfa a fili, wani ɗan bututu suke ginawa mai tauri kamar alli a jikin reshe, su shige ciki. Wannan ya nuna kumfa kaɗai ba ta isa ta zama ma'auni ba, domin ga ɗan zuriya wanda ba a ganin kumfarsa. Na biyar shi ne Epipygidae, ƙaramin dangi daga ƙasashe masu zafi na Amurka, wanda wani masani na Kanada mai suna Hamilton ya bayyana a 2001.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi daga 2010 ya sa masana suka sake duba iyakokin dangin nan, waɗansu suna haɗe biyu su zama ɗaya, waɗansu kuma suna fitar da sabo. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ƙa'idar, watau dangi ya zama waɗanda suka fito daga kaka ɗaya, ko sun yi kama da juna a ido ko ba su yi ba.

Kuskuren Linnaeus

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Ƙwaron kumfa na Turai ya nuna akasin wannan ma gaskiya ne, domin rashin kama ba ya raba 'yan'uwa. A 1758 Linnaeus ya sa shi gida ɗaya da sikada, ya kira shi Cicada spumaria, watau mai kumfa. A cikin littafin nan dai ya bayyana waɗansu da ya ɗauka iri ne dabam, ya kira ɗaya leucophthalma, mai farin ido, ɗaya leucocephala, mai farin kai, ɗaya kuma lateralis, mai fari a gefe. Waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta ƙara sunaye. A 1864 wani ɗan Suwidin kuma, Karl Stal, ya buɗe masa gida nasa na kansa mai suna Philaenus.

Sannu a hankali aka gane cewa duk waɗannan iri ɗaya ne mai launi fiye da goma, daga rawaya-rawaya har zuwa baƙi ƙirin. An gane haka ta hanya biyu. Suna barbarar juna su haifi 'ya'ya masu launi dabam-dabam, sa'an nan in aka duba gaɓoɓin haihuwa na mazansu da madubin likita, sai a ga ƙira ɗaya ce. To, wane suna za a riƙe? Ƙa'ida ita ce sunan da ya riga fitowa shi ke tsayawa, amma ga sunaye sun fito cikin littafi ɗaya a shekara ɗaya, ga kuma bayanin Linnaeus gajere ne ƙwarai. Masana da dama, musamman a Amurka, suka yi shekaru suna rubuta Philaenus leucophthalmus, waɗansu kuma suna rubuta spumarius. Sai a 1961 hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi ta yanke hukunci, Philaenus spumarius ya tabbata.

Abin da ya sami zaitun

A 1950 wani masani a Kalifoniya mai suna Henry Severin ya buga sakamakon gwajinsa, ya nuna ƙwarin kumfa suna iya ɗaukar wata cuta mai kashe itacen inabi daga wannan tsiro zuwa wancan. Ɗaya daga cikin ƙwarin da ya gwada shi ne wanda ya kira leucophthalmus. A lokacin an zaci bairas ne ke kawo cutar. Daga baya aka gane bakteriya ce, wadda ke zama cikin hanyar nan ta tsararon ruwa, ta yi ta yawa har ta toshe ta, tsiro ya mutu da ƙishirwa ko da saiwarsa na cikin danshi. A 1987 aka raɗa mata suna Xylella fastidiosa.

A watan Oktoba na 2013 aka gano wannan ƙwayar cuta a jikin itatuwan zaitun da ke bushewa a lardin Lecce, cikin jihar Puglia, can kudu maso gabashin Italiya. Waɗansu itatuwan sun shekara ɗaruruwa, kaka da kakanni suka dasa su. Tambayar gaggawa ita ce, wane ƙwaro ke yaɗa ta? Gonar zaitun cike take da ƙwari iri-iri, da a ce za a gwada su ɗaya bayan ɗaya da an daɗe. A nan ne rarrabewar nan ta yi rana. Tun da cutar a hanyar tsararon ruwa take, sai aka kawar da ƙwarin darɓa da duk masu shan ruwan zaƙi. A Amurka wani sashe na ƙwarin ganye ne ke yaɗa ta, amma irinsu kaɗan ne a Turai. Saura ƙwarin kumfa. Tun da kuma an riga an san ƙwaron Severin da na gonakin Italiya abu ɗaya ne mai suna biyu, aikin da aka yi a Kalifoniya shekara sittin da suka wuce ya nuna wa masanan Italiya inda za su duba. A 2014 suka buga shaidar cewa Philaenus spumarius na gonakin yana ɗauke da cutar, yana kuma yaɗa ta.

Sanin suna ya buɗe duk abin da aka rubuta a kan rayuwar ƙwaron. Yana cin tsire-tsire fiye da iri 1,000. Sau ɗaya yake haihuwa a shekara. Ƙwai yakan kwana cikin busasshiyar ciyawa lokacin sanyi, ya ƙyanƙyashe in sanyi ya wuce. Cutar ba ta bin ƙwai, saboda haka kowace shekara 'ya'yan da tsabtarsu suke fitowa, suna cikin kumfa a ciyawar ƙarƙashin itatuwa, ba su iya tashi. Sai sun yi fiffike sun hau zaitun mai cuta kana su ɗauka, wanda ya ɗauka kuwa yana tare da ita har mutuwarsa. Don haka hukuma ta umarci manoma su yi huɗa ko su yanke ciyawar gonakinsu cikin watan Maris da Afrilu, tun 'ya'yan ba su bar kumfa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta kuma ba da umarnin sare itacen da ya kamu, tare da tsire-tsiren da cutar ke kamawa har nisan mita 100 kewaye da shi, a 2020 aka rage zuwa mita 50. Manoma da yawa sun ƙi yarda da saran, har aka je kotu. Waɗannan matakai ba su dawo da itatuwan da suka mutu ba, ba su kuma kawar da cutar daga Puglia ba, sai dai an san abokin gaba, an kuma san watan da ya fi rauni.

Ko tsakanin 'yan gida ɗaya akwai bambancin da ya shafi manomi. A gonakin rake na Birazil akwai iri biyu na gidan Mahanarva, 'ya'yan ɗaya a saiwa suke zama, na ɗayan a kuben ganye. Wanda bai san wanne ne a gonarsa ba zai zuba magani inda ba ƙwaro.

Gonakin dawa da gero

A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya akwai iri biyu da masanan aikin gona na Nijeriya suka bincika a ƙarshen ƙarnin da ya wuce saboda ɓarnarsu ga dawa. Ɗaya shi ne Locris rubens, ja ne, ɗan dangin Cercopidae. Ɗaya kuma Poophilus costalis, mai launin ƙasa-ƙasa, ɗan dangin Aphrophoridae, wanda ke kama gero da masara kuma. Inda suka yi yawa ganye yakan yi dabbare-dabbaren rawaya, ƙananan shuka kuwa suna iya mutuwa.

Manomin da ke Garwa malamin gonarsa da Faransanci ya yi karatu, na Tamale da Ingilishi, na Sudan da Larabci, kowace ƙasa kuma da sunan da take kiran ƙwaron. Amma in malamin gona ya rubuta Poophilus costalis, duk su ukun sun san abu ɗaya ake nufi, abin da aka gano a wata ƙasa sai ya amfani sauran. Suna linzami ne.

Wanda ya ga kumfa ta yi yawa a gonarsa, yana kuma son a gaya masa wane iri ne, babban ƙwaron zai kama, mai fiffike, domin da shi ake tantancewa, 'ya'yan suna da wuyar rarrabewa. Ya sa guda biyar ko shida cikin 'yar kwalba da sifirit, ya rubuta sunan gari, da ranar da ya kama su, da shukar da ya same su a kai, ya miƙa wa malamin gona na yankinsa. Da irin waɗannan 'yan kwalabe ne aka tara ilmin da aka ji cikin wannan jawabi, tun daga zamanin Linnaeus.

Nan jawabin kimiyya na wannan mako ya ƙare.